Shafin Godiya

A Matamaye, in ka tambayi labarin Zainulabidin, amsar ta danganta da wanda ka tara. Masu sarin rake da ke zuwa daga Daura cewa suke, "Rakensa ba ya tsutsa, ka saya ido rufe." Tsofaffin ƙofar masallaci kuwa sai su kaɗa kai: "Yaron kirki! Shekara biyu ya yi a jami'ar Damagaram, ubansa ya rasu, ya dawo ya riƙe garka da ƙanne." 'Yan mata cewa suke ba ya ɗaga kai ya dubi mace, kamar wanda aka yi wa asiri.

Mushe Sa'adu (haka ake kiran malamin boko a nan), tsohon daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, magana ɗaya ya taɓa yi a kansa: "Wanda ya ajiye kayen rubutu ya ɗauki fartanya ba shi da mata a gidana."

Najaha, 'yar Mushe Sa'adu, ita ba ta taɓa cewa komai ba. Shirun nan ne ya kawo ta bakin garkarsa da hantsin wata Talata.

Yana duƙe yana jiƙa gaɓoɓin rake a cikin babban daro.

"Salamu alaikum..."

Hannunsa ya tsaya cak a cikin ruwan. Sannan ya ɗago.

"Wa alaikumus salam. A'a! Madam Injiniya da kanta? Ki kula da takalminki, nan caɓi ne."

"Zainu..."

"Zainulabidin. Na sani sunan yana da tsawo. Ba kowane shafi yake ɗaukarsa ba."

Ta sunkuyar da kai. Ta san inda maganar ta dosa.

Aji ɗaya suka fara a sashen noma, a can soyayyarsu ta tsiro. Da ya bar karatu ita ta ci gaba, shi kuma ya shiga faɗa da tsutsar da ke huda raken kwarinsu. Yakan jiƙa iri a ruwan ganyen dogonyaro da toka kafin ya dasa, ya auna, ya rubuta a kaye. Da lokacin kundinta na kammala karatu ya zo, kayen nan ya ɗauka ya damƙa mata. Kowane hutu tana zuwa, suna awo tare, suna shan rake har haƙoranta su yi tsami.

A shafin godiya ta rubuta: "Ga Zainulabidin, wanda aikin nan nasa ne kafin ya zama nawa."

Sai Baba ya ce a kawo masa kundin ya duba Faransancin da jan bik ɗinsa, alƙalamin da yake gyaran aikin 'yan makaranta da shi. Kafin ta miƙa masa ta goge layin. Ta ce wa kanta za ta mayar daga baya. Ba ta mayar ba.

Ranar da ta kare kundin gaban malamai, dangi sun cika zauren. Zainu ya zo a kan moto da damin rake, ya zauna can baya, ya karɓi kofi ɗaya na kundin ya buɗe shafin godiya. An gode wa Allah, an gode wa iyaye da malamai, an gode wa "manoman Matamaye". Ya jingine damin a bakin ƙofa ya tafi. Shekara huɗu ke nan.

"Me ke tafe da ke?" ya tambaya.

"Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'a ce take haɗa littafin fitattunta. Mutum ashirin... har da ni. Saboda maganin tsutsar. Suna son hotona a wurin da aka yi aikin."

"Ma sha Allah. Ku zo, garka ta Allah ce."

"Jibi Alhamis."

"Allah ya kai mu."

Ya mayar da hannu cikin daron. Ta juya za ta tafi, ƙafar ta ƙi.

"Ka yi aure?"

"Ke kin yi?"

"A'a."

"To."

"Zainu, don Allah ka yi mini faɗa! Ka zage ni ma, ya fi mini wannan!"

Ya miƙe tsaye, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

"Ni ban roƙe ki suna a takarda ba, Naja. Da ba ki faɗa mini kin rubuta ba, da ban buɗe shafin ba. Abin da ya yi mini ciwo, kunyata kika ji."

"Wallahi ba kunya ba ce, tsoron Baba ne!"

"A ƙirjina wuri ɗaya suka sauka."

Kalmar neman yafiya tana nan a bakinta, gajeriya, amma ta ƙi fita. Shekara huɗu tana faɗarta a ranta, a ofis, a mota, a kan sallaya. Ta share ido da gefen mayafi ta fita. Abu ɗaya ta tafi da shi: ya ce mata Naja.

Ranar Alhamis Mushe Sa'adu ya riga kowa shiri. Farar shadda, tabarau, jan bik a aljihun gaba kamar zai shiga aji.

"Baba, kwarin akwai caɓi..."

"'Yata za a sa cikin fitattun jami'a in zauna gida? Caɓin ya cinye ni!"

Wakilin ƙungiyar, wani mai fara'a da ake kira Yunus, ya zo da kyamara da kofin kundinta don ta riƙe a hoto. Zainu ya durƙusa ya gaida Mushe.

"Lafiya lau," in ji tsohon, bai ƙara ba.

Yunus ya tsayar da Najaha a gaban raken da ya fi tsayi.

"Mai garka, ɗan matsa gefe kaɗan, inuwarka tana shiga."

Zainu ya matsa. Najaha ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

Mushe Sa'adu ya gaji da rana, ya shiga rumfar da ke gefen rijiya. A jikin dirka an rataye leda, cikinta kaye guda shida, bangonsu duk ya sha hannu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana koyarwa ba ya iya ganin kaye ya wuce. Ya zaro ɗaya, ya gyara tabarau, ya buɗe, sai ga jadawalin awon rake.

Shafi tamanin na kundin 'yarsa ya bi layi-layi da jan bik. Ya san jadawalin nan kamar tafin hannunsa. Ya duba kwanan watan da ke sama: shekara biyu kafin Najaha ta fara rubutu.

"Najaha!"

Muryar aji ce. Har Yunus sai da ya sauke kyamara.

"Zo nan. Tsakanin wannan da naki, wa ya kwafi wa?"

Zainu ya yi sauri ya sha gabanta. "Baba, ni na ba ta da hannuna. Tare muka yi awon, rabin wahalar tata ce..."

"Kai na tambaya?"

Hawaye ya ɓalle mata. "Nasa ne, Baba. Shi ya fara. Na rubuta sunansa a shafin godiya, na goge kafin in kawo maka."

"Don me?"

"Don na san abin da ka ce a kansa."

Tsohon ya zaro kaye na ƙarshe, ya ga rubutun makon jiya. Ya daɗe yana kallonsa.

"Har yanzu kana rubutawa?"

"Kullum, Baba. In ban rubuta ba barci ba ya zuwa."

"Na ce ka ajiye kaye ka ɗauki fartanya." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ashe duka biyun ka riƙe. Faransancinka dai yana son bulala, amma lissafin ban ga inda zan sa ja ba."

Dariya ta kubce wa Yunus, ya toshe baki.

Najaha ta juya gare shi tana share fuska. "Yunus, shi ma tsohon ɗalibin jami'ar ne. Ko ku sa mu biyu a littafin, ko ku cire ni."

"Ai ƙungiyar ta duk wanda ya zauna a bencin ce, ba ta masu difiloma kaɗai ba. Zan kai maganar. Mai garka, yaya cikakken sunan?"

"Tsaya tukuna," in ji Mushe Sa'adu.

Ya karɓi kundin daga hannun 'yarsa, ya buɗe shafin godiya, ya zare jan bik ɗin daga aljihu. Babu wanda ya taɓa riƙe bik ɗin nan, ko mahaifiyarta. Ya miƙa mata.

"Kuskure ɗaya ya wuce ni a littafin nan, kuma ina da hannu a ciki. Amma ke kika yi shi, ke za ki gyara."

Ta rubuta layin da ta goge, kalma bayan kalma, ba ta manta ko ɗaya ba.

Tsohon ya dubi Zainu. "Kawunnanka suna nan garin Kance?"

"Suna nan, Baba."

"Ranar Juma'a bayan masallaci ina gida. In har yanzu kana da magana a gidana, su zo. In kuma ranka ya fita, ba mai ganin laifinka." Ya kama hannun Yunus. "Kai, zo ka ɗauke ni hoto da raken can, tunda na ɓata shaddata."

Suka bar su biyu a rumfar.

Ta miƙa masa kundin. Ya karanta jan rubutun, ya sake karantawa, ya rufe a hankali.

"Ya yi kyau. Amma shekara huɗu ba rubutu nake jira ba, Naja."

Ya zuba mata ido, irin kallon da ya hana duk 'yan matan Matamaye. A gefen bakinsa akwai murmushin da yake ƙoƙarin dannewa.

Ta ja numfashi. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, kuma ba ta rage murya don kada Baba ya ji ba.

"Zainuna... na ɓoye ka a ranar da ya kamata in nuna ka ga kowa. Na cuce ka, kuma na yi shiru. Don girman Allah ka yafe mini."