Ramin da Auta Kaɗai Ya Iya Tsallakewa

Gab da magariba Inna ta aike ni in kai wa ƙanina Auta fitilarsa da na gyara. Ni mai gyaran talabijin ne, shi tela, shagonsa yana bayan layinmu. Na tarar keken ɗinki a rufe, shi kuma yana ƙuryar shago a durƙushe gaban tsohuwar talabijin, bakinsa har kunne.

Wai a cikin buhun yadin da wani baƙo ya ajiye bai dawo ba ya tsinci na'urar wasan gem irin ta yarintarmu. Da kaset ɗinta ma, na kuregen katun mai jar hula da guduma, wanda muka sha duka a kansa saboda ƙin zuwa aike. Na ce masa gemai-gemai da shi, ga mata ga 'ya, bai ji kunya ba? Ya ce in daina cika baki in zauna.

Gem ɗin ya ƙi tashi. Auta ya zare kaset ya kai bakinsa zai hura, kamar yadda muke yi muna yara. Na sha gaya masa hurawa ba ta gyara komai, tsatsa kawai take jawowa. Ya hura.

Kaset ɗin ya ja iskar. Na ji da kunnena, zuuu, kamar mai shan shayi da zafi.

Auta ya yi tari, ya mayar da kaset. Kiɗa ya tashi, kurege ya fito. Na fizge fad ɗin da ake latsawa a sarrafa kurege daga hannunsa, don tun muna yara babba ke farawa, kuma ban taɓa ɗaga masa ƙafa ba. A kusurwar allo akwai kan kurege uku, rayukansa ke nan.

Shagon ya ɗauki warin robar da ta ƙone. Ban kula ba. Wani kada ya kai wa kurege cizo, kai ɗaya ya ɓace. Auta ya dafe ƙirji ya zame jikin bango. Na zaci iskancinsa ne, har da dariyata.

Sai na lura ƙirjin kuregen yana hawa yana sauka. Daga lasifika numfashi ke fitowa, da ɗan ƙugin nan na asmar Auta.

Na ci gaba da latsawa. Ga ramin gaban gada, wanda ban taɓa iya tsallakewa ba. Kurege ya zurma.

Auta ya faɗi, dunduniyarsa tana dukan ƙasa.

"Yaya," ya ce can ƙasa-ƙasa, "kar ka kashe wutar."

Kurege ya sake bayyana a bakin ramin. Bai fuskanci gaba ba. Ni ya juyo yana kallo, murmushin katun ɗin nan bai gushe ba.

"Kai ma hura," in ji lasifikar, da muryar ƙanina.

Iska ta fara fita daga bakina ba da sona ba. Na cusa ƙyallen yadi a baki, na lalubi maɓallin tsayarwa, na danna.

Kiɗa ya ɗauke.

Auta ma ya tsaya, ido buɗe.

Haka yake har yau. Yana numfashi a hankali, yana haɗiyar abin da aka zuba masa, amma ko 'yarsa ta hau cinyarsa ba ya ƙiftawa. Likita bai ga komai ba. Malamai sun yi addu'a har muryarsu ta dushe. Mai buhu bai dawo ba.

Na haɗa wa na'urar batir don kada ɗaukewar wuta ta tafi da shi, na sa mata fanka. Amma sana'ata ce, na san warin na'urar da ta kusa mutuwa, kuma kullum ƙaruwa yake. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Jiya matarsa ta miƙo mini fad ɗin, ta ce, "Yaya, ka ƙarasa masa, ko Allah zai sa ya fito."

Na dubi allon. Kai ɗaya ya rage, ga ramin a gaban kurege. Duk yarintarmu, in na iso wurin nan, Auta nake miƙa wa ya tsallake mini.