Wayar da Ta Ratsa Kan Rijiya

Magariba ta kawo jiki, Azumi tana kwashe tuwo, injin wuta yana ruri a zaure. Mijinta Abarshi ya saye shi ne a hannun Turawan haƙar zinariya da za su bar dajin Birnin Gwari, haɗe da tsohuwar wayarsu ta wuta wadda robarta ta zazzage. Da kansa ya ja ta, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta kan rijiya. Ranar da ta fizgi Azumi wajen shanya, cewa ya yi ita ce ba ta kula.

Dutse ya faɗo kan rufi. Wani dutsen ya fasa tulu. Ƙwan lantarki ya dusashe, sai 'yarsu Huseina ta saki guga ta zube, tana kuka da muryar tsohuwa.

Kowace magariba haka. Yarinya ta rame, ta daina gane uwarta. Azumi ta aika aka ɗauko Malam Jumare daga Tsohon Birni.

Ya zauna, ya daɗe yana karatu. Gida ya yi tsit.

"Ke wace ce?" in ji Malam.

"Mai rijiyar nan," in ji muryar. "Tun ba a kafa gidan ba muke sha a nan. Jikana ya zo da damina, jikinsa jiƙe, igiyarku ta kama shi. Ni na ɓamɓare shi."

"Yarinyar ba ta da laifi. Ki ji tsoron Allah."

"Shi jikan nawa laifin me ya yi?"

Malam ya ci gaba da karatu har ta fara nishi.

Muryar ta ce, "A cire igiyar daga hanyarmu, in tafi. In ta dawo, ba jifa zan yi ba."

Abarshi ya rantse ba zai mayar da wayar ba. Aka kashe inji, aka naɗe waya. Huseina ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishi."

Da kaka, Abarshi zai yi baƙi daga Zariya. Azumi ta fito ta same shi kan tsani, wayar nan a kafaɗarsa.

"Maigida, ka fa rantse."

"Kwana biyu ne kawai. So kike a ce gidana duhu?"

Azumi ta koma ɗaki. Ta ɗaure kayanta, ta kama hannun Huseina, suka bi hanyar Kakangi, garin iyayenta. Suna kaiwa bakin daji ta ji inji ya tashi. Huseina za ta waiwaya, Azumi ta riƙe mata kai.