Makulli Mai Jan Zare

Da rana tsaka ya iso, jaka a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Auta na zaune a bakin matakala, makulli mai jan zare na lilo a yatsarta. Ita ke kula da ɗakin sama da Babanta ya sa a manhajar haya, inda baƙo kan kwana biyu ko uku ya wuce.

Ta amsa sallamarsa, ta miƙa hannu. "Katin shaida."

Ya ba ta. Ta dubi katin, ta dube shi, ta sake duban katin.

"Malam, wannan mai gemu ne. Kai kuwa gashin bakin ma da kyar."

"Yayana ne. Shi ya kama min ɗakin da sunansa."

"To, yayan naka ya zo ya kwana."

Ya ajiye jakar da ƙarfi. "Awa bakwai na yi a mota! Kin ga na yi kama da ɓarawo?"

"Ban taɓa ganin ɓarawon da ya yi kama da ɓarawo ba. Ka ga ƙofar can ta tsakiya? Ita kaɗai ce tsakanin matakalar nan da ɗakin Innata. Ka soke, ka sake kamawa da sunanka, ka ɗora katinka da hotonka. In manhaja ta yarda da kai, ni ma na yarda."

Awa biyu ya yi zaune a kan matakala yana huci yana latsa waya. Ta kawo masa ruwan sanyi, ya ce ba ya sha. Ta juya baya, ya shanye. Da saƙon tabbatarwa ya shigo wayarta, sai ga hotonsa, ya haɗe rai kamar an ƙwace masa gado. Dariya ta ƙwace mata. Ya so ya ci gaba da fushi, fushin ya ƙi.

Sana'arsa yanka makulli, ya zo garin neman shago. Kwana huɗu ya yi, ya sami shagon, ya mai da makullin. Amma saƙon waya tsakaninsa da Auta bai tsaya ba.

"Sarauniyar ƙofa, yau na yanka makulli goma sha biyu, babu wanda ya buɗe inda nake so."

"Mai katin wani, ka ci gaba da gwadawa. Wataƙila ba a kulle take ba."

Saura Baba. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, kowa ya san wannan. A damtsensa akwai tabon wuƙa, tsawon tafin hannu. Shekarun baya wasu baƙi uku, wasu sun ce biyar ne, suka ɗaure shi a ɗakin nan na sama. Ya tsinka igiyar, ya kore su da ƙafar kujera. Bai taɓa zama a aji ba, kuma bai yi asarar komai ba, irinmu ne da duniya ta karantar da kanta. Kullum yakan ce, "Kati? Idona ya fi kati. Kallo ɗaya nake wa mutum in gaya maka abin da ya ci jiya."

Akwai wani Dillali mai mota da turare da ke son Auta. Shi ya iya zama a gaban Baba ya saurari labarin tabon nan sau ɗari yana "Kai, Baba! Kai, Baba!" Da ya ji ƙishin-ƙishin ɗin mai makulli, sai ya matso ya rage murya.

"Baba, ba gulma ba. Mai yanka makulli fa. Kwana huɗu makullinku na aljihunsa. Kuma da katin wani ya zo."

Baba ya miƙe, hula ta faɗi. "Auta! Yaron nan kada in ƙara jin sunansa a gidana!"

"Baba, me ya yi?"

"Tun ranar farko na ga idonsa na rawa!"

"Ranar farko kana barci, Baba."

Inna ta ce, "Ke Auta, bakinki!"

Auta ta shiga ɗaki tana tafasa. Amma maganar ta riga ta shiga kunne. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, ta tura wa mai makulli.

"Don Allah ka gaya min gaskiya. Ka yi kwafin makullinmu?"

Amsa ta zo nan take. "Har sai kin tambaya? Ranar farko ba ki san ni ba, na yi miki uzuri. Yau wane uzuri zan yi miki?"

Daga nan shiru. Kwana tara tana duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti.

A rana ta goma ta raka Inna duba ido. Fitarsu ke da wuya, Dillali ya iso da mutum biyu masu fararen kaya, ba manhaja, ba kati.

"'Yan'uwana ne, Baba. Kwana biyu kawai. Ai kai ba sai an nuna maka takarda ba."

Dubi makirci! Ya san inda zai sosa wa dattijo. Baba ya kalle su sama da ƙasa, ya gyaɗa kai. Da yake Auta ta tafi da nata makullan, sai ya ciro nasa daga aljihu ya ba su duka: na ƙofar waje, na sama, da na tsakiya.

Bayan la'asar ɗaya daga cikinsu ya tsaya a wani shagon makulli a bayan kasuwa, ya zube su a kan teburi. "Kwafi ɗai-ɗai, da sauri."

Mai shagon ya ɗauka. Jan zare, ƙulli uku. Hannu ɗaya ne a duniya ke yin irin wannan ƙullin, hannun Auta. Biyu ya san su, ya riƙe irinsu kwana huɗu. Na ukun, na ƙofar tsakiya, ba a ba wa baƙo.

Ya jefa su a aljihun teburi, ya kulle. "Katin shaida."

"Kati? Don yanka makulli?"

"Gidan wa ne? Faɗi sunan mai gidan."

Naushi ya samu a madadin amsa, leɓensa ya fashe. Ya riƙe rigar mutumin yana kiran maƙwabta, rigar ta yage, mutumin ya ranta a na kare. Da jini a baki ya rubuta:

"Sarauniyar ƙofa, makullin ƙofar tsakiyarku na hannuna. Wani ya kawo a yi kwafi. Kada ki hau sama ke kaɗai, kada Baba ya hau. Gani nan."

Auta ta karanta a bakin asibiti. Ta kira 'yan sanda tun a hanya. Ko da aka hau sama, na biyun ya tsere, an riga an cire talabijin an naɗe a bargo. Da aka matsa wa Dillali, sai ya ce wai da safiyar nan ya haɗu da su a tasha. 'Yan'uwa! Allah wadaran wannan baki.

Mai makulli ya iso gidan da kumburarren leɓe. Ya durƙusa da kayan aikinsa ya canza kwaɗon ƙofofin uku. Auta ta kawo masa ruwan sanyi da ƙanƙara a tsumma.

"Ka yafe min," ta ce a hankali.

"Ba na sha."

Ta juya baya. Ta ji ƙarar kofin da ya koma kan tire babu komai a ciki.

Baba na kan kujera yana kallon aikin. Can ya ce, "Kai yaro, zo nan. Katin shaida."

Ya miƙa da hannu biyu. Baba ya riƙe katin kai a ƙasa, ya daɗe yana nazari.

"Daidai ne. Ni dama tun ranar farko na ga fuskar gaskiya. Gwada ka nake."

Inna ta ƙware da dariya, sai da aka bubbuga mata baya.

"Ka turo manyanka," in ji Baba. "Yayan naka mai gemu ma ya zo, da katinsa."

Kada wani ya ce idon Baba ya gaza. Mutumin da ya kori biyar da ƙafar kujera? Ranar nan hasken rana ne ya yi yawa, kuma turaren Dillali na sa hawaye.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, Ya tsare ƙofarku daga mai farin kaya da baƙin ciki." Aka amsa da amin har waje.

Ango ya yanka makulli biyu na ɗakinsu da hannunsa. Amarya ta ɗaura wa kowanne jan zare, ƙulli uku, ta miƙa masa ɗaya ba tare da ta tambaye shi komai ba.