Taƙi Biyu da Yatsa Huɗu

"Nuna min hannun."

"Wane hannu kuma, Luba?"

"Wanda kake ɓoyewa a bayanka tun da ka zo! Ni za ka mayar yarinya?"

Sufyanu ya yi 'yar dariyar nan tasa ta marar gaskiya, ya fito da hannun a hankali. Innalillahi... Daga gwiwar hannu har kusan wuyan hannu fatar ta saluɓe, an fesa mata wani shuɗin magani.

"Wannan ba maganin shanu ba ne?"

"Shi ne a jakata. Yashi ne ya kwashe ni wajen Jangeru, wallahi ba gudu nake ba. Rage murya, sanyin idona, kar Baba ya ji..."

Sai na kama bakina. Hawaye kuwa ban iya kama su ba.

Sufyanu ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Shinkafi, kullum yana kan mashin yana bin rugage da akwatin allura. Aminin yayana Armiya'u ne tun suna yara. Shekara biyu ke nan da Yaya Armiya'u ya faɗi da mashin a hanyar Kaura, aka kawo mana shi a lulluɓe.

Tun daga ranar Babanmu ya canza. Malam Wakili baduku, wanda duk Zurmi ta san shi da barkwanci, ya koma daga masallaci sai rumfarsa. Sau biyu kawunnan Sufyanu suna zuwa neman aurena, sau biyu yana ce musu a dakata. Ni da kunnena na ji yana gaya wa Inna, "Na ba hanya ɗa guda. Ba ni ba mai hawan mashin ɗiyata, ta zauna tana jiran irin abin da munka jira."

Sufyanu ba zai bar aikinsa ba, mota ba ta shiga inda yake shiga. Ni kuma ba zan shiga gidan kowa ba sai da albarkar Baba. Haka muke zaune, shekara tana neman zagayowa.

Ranar da na ga hannun nan na ce to, Baba ya fi ƙarfina, aikin ma ya fi ƙarfina, amma fatar jikinsa dai zan iya rufe ta. Akwai shagon Alhaji Jaji a Kaura inda nake kai hulunan da nake ɗinkawa, na sha ganin manyan jaket na fata a rataye, irin masu tsadar nan da yake kawowa daga waje. Da guminna zan saya masa ɗaya.

Sai matsalar awo. In na tambaye shi, cewa zai yi in ajiye abina. In auna shi da kaina? A'uzubillahi! A ƙofar gidan ubana in zagaya wa namijin da ba mijina ba tef? Ai kafin magariba labari ya kai Shinkafi.

Can na tuna: shi da Yaya Armiya'u kaya ɗaya suke sawa. Sallar Yaya ta ƙarshe ma anko suka yi, shuɗin kaftani, tela ɗaya, awo ɗaya. Kaftanin Yaya yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Baba, an ɗaure marfin da igiyar fata.

"Ke Lubabatu, kanki ɗaya?" in ji Inna. "Akwatin da ni ma ban taɓawa?"

"Inna, awo kawai za a ɗauka. Sai Juma'a Baba yake buɗewa, yau Laraba."

Ta juya baya. "Ni dai ban gani ba. Ki maido kahin la'asar."

Na kwance igiyar, na ɗauki kaftanin, na mayar da ƙulli yadda na ga dama. Kaico, 'yar baduku guda amma ban san ƙullin baduku sa hannunsa ba ne.

A Kaura, Alhaji Jaji ya warware kaftanin ya kalle shi, ya kalle ni, ya kwashe da dariya.

"Da wannan za ki auna jaket? 'Yata, kaftani iska yake so, ita wannan jiki take so. Dubi faɗinsa, ai mutum biyu za su shiga."

"To ba lamba a jiki? Ba ni babba kawai."

"Lambar ma ba ta da amana. Hamsin ɗin wannan kamfani ita ce hamsin da biyun wancan. Kafaɗa ake aunawa, da ƙirji, da tsawon hannu. In ta yi yawa iska ta cika ta a kan mashin, in ta matse ya kasa juya kai. Kuma fata ba yadi ba ce da tela zai rage miki."

Raina ya ɓaci. Duk kasadar nan a banza? Na shiga duba na rataye, idona ya faɗa kan wata baƙa mai ƙyalli, laushi kamar kunnen ɗan akuya, zif har shida. Har na fara hango Sufyanu a ciki, sai wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Lubabatu... ya ga ƙullin."

"Inna!"

"Tun ɗazu nika kira ba sabis. Ya tambaye ni, na kasa yi mai ƙarya. Ya hau mota, yanzu haka ya kusa."

Na zauna a kan benci da kaftanin a cinyata, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ba duka nake tsoro ba, Baba bai taɓa dukana ba. Tsorona ya ce daga yau kar ya sake ganin Sufyanu a ƙofar gidansa, kuma na san in ya faɗa ya faɗa.

Ko rabin awa ba a yi ba na ji sallamarsa.

Na zube ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri... Don Allah, Baba..."

Bai kalle ni ba. Ya karɓi kaftanin, ya kakkaɓe, ya ninke shi a hankali, hannu da hannu, ya rungume a ƙirjinsa.

"Mi ya kai ki?"

"Awo nake nema, Baba."

"Awon wa?"

Na sunkuyar da kai. "Ya faɗi ne shekaranjiya. Hannunsa duk ya saluɓe. Na ce ko da rigar fata..." Kuka ya ci ƙarfina.

Ina jiran hukunci, sai na ji ƙarar zif. Na ɗago. Baba ne riƙe da baƙar jaket ɗin da na zaɓa. Mutumin da ya shekara arba'in yana sarrafa fata, ina zai ga fata a gabansa ya kasa taɓawa? Ya shinshina ta. Ya danna babban yatsa ya duba yadda ta tattare. Ya juya cikinta ya kalli bakin yanka.

"Wagga kika zaɓa?"

"Eh, Baba."

"Hwatar tunkiya ce anka shahe da roba don ta yi ƙyalli. Ta zuwa biki ce. Kwalta ta lashe ta sau guda, ta ƙare." Ya juya wajen mai shago. "Alhaji, ba ka da ƙirgi?"

Alhaji Jaji ya washe baki. "Yau na gamu da masu abin! Malam, bari in shiga ciki."

Ya fito da wata ruwan ƙasa, mai nauyi, ba ƙyalli ko kaɗan. Ni dai ba ta burge ni ba. Baba kuwa ya ɗiga mata ruwa daga buta, ya tsaya yana kallo har ta fara sha, ya gyaɗa kai.

"Wagga hwatar sa ce ta gaskiya. Dubi kahwaɗa, ɗinki biyu. Ga tsumma an cusa a gwiwar hannu, nan mutum ka fara dira. Zif na ƙarhe. Shahin ciki hita shikai?"

"Yana fita, Malam. In zafi ya zo a cire."

"Madalla. Kuma ba baƙa ba ce, baƙa rana taka sha." Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kira shi."

"Baba?"

"Kurma kika zama? Kira shi."

Allah Ya sa Sufyanu yana Kasuwar Daji duba dabbobi. Na ce masa, "Ka zo shagon Alhaji Jaji yanzu. Baba na kira." Ya ce, "Luba, lafiya?" Na ce, "Ni ma ban sani ba."

Ya iso duk gumi, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Idon Baba ya sauka a kan shuɗin hannun nan, ya daɗe a wurin.

"Tashi. Juya min baya."

Sufyanu ya saci kallona. Wane suruki ne ake cewa ya juya wa uban yarinya baya? Amma ya juya.

Alhaji Jaji ya miƙo tef, Baba ya ture. Ya ba ni kaftanin in riƙe, ya buɗe tafin hannunsa, ya ɗora babban yatsa a ƙashin kafaɗar hagu. Taƙi ɗaya. Taƙi biyu. Sannan ya jera yatsu a sauran wurin. Da haka yake auna mu tun muna yara in zai yi mana jaka ko ɗamara.

Hannun bai sauka ba.

"Taƙi biyu da yatsa huɗu," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Armiya'u taƙi biyu ne da yatsa biyu."

Wayyo Allah... Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Baba ba. Ɗan fari ne, sai dai ya ce "yaron nan" ko "yayanku". Ko ranar da aka kai shi bai faɗa ba.

"Ka girma ka bar shi," ya ƙara cewa. "Da ta auna da kaftanin ma, da ta cuce ka."

Kafaɗun Sufyanu suka fara girgiza. Kuka yake, ba sauti.

"Kai, tsaya da kyau, awo nikai!" Baba ya daka masa tsawa, yana goge ido da gefen rawani.

Aka kawo lamba hamsin. Ta zauna tsaf yana tsaye, har na ce ta yi.

"Ke mi kin sani? A tsaye shika tuƙi? Miƙa hannu kamar ka riƙe kan mashin."

Ya miƙa. Hannun rigar ya janye ya bar wuyan hannu a waje, baya kuma ya ɗaure tamau.

"Kin gani? Cire. Kawo ta gaba."

Hamsin da biyu ta shiga a kan rigarsa ba gardama. Ɗinkin kafaɗa ya sauka daidai kan ƙashi. Ya miƙa hannu, ta rufe har idon hannu. Baba ya cusa dunƙulen hannunsa a ƙirjin rigar, ya shiga daidai, ba saura. Ya sa shi zama a benci don ya ga ko za ta tokare masa wuya. Ba ta tokare ba.

"Da tauri kaɗan, Baba," in ji Sufyanu.

"Sabuwa ce, za ta saki ta bi jikinka. Kahwaɗa ce ba ta saki, shi ya sa anka fara da ita. Alhaji, haɗa da hular kwano, wannan ni zan saya. In na gan ka ba ita, ni da kai ne."

"In sha Allah, Baba."

"Kuma ka bar shahwa maganin shanu, kai ba sa ba ne."

Dariya ta kuɓuce min a tsakiyar kuka. Rabon da in ji Baba ya yi barkwanci, shekara biyu!

Ya karɓi kaftanin daga hannuna ya saƙale a hammata. "Ke kuma, gobe ki zo rumfa in koya miki ƙulli. Kin ba ni kunya." Ya nufi ƙofa, har ya sa takalmi ɗaya, sai ya tsaya ya dawo.

"Ka ce ma kawunnanka su taho Juma'a, bayan an sauko."

Na dafe bango. Wani numfashi ya fita daga ƙirjina wanda na yi wata goma sha ɗaya ina riƙe da shi. Alhamdulillahi... Alhamdulillahi! Sufyanu zai zube ƙasa, Baba ya riƙe shi.

Ya kama zif ɗin da kansa, ya ja shi a hankali har wuya, kamar yadda ake yi wa yaro zai tafi makaranta. Ya daidaita masa kwala, ya dafa kafaɗar nan da ya auna.

"Ba ni son komi gare ka, ɗana," ya ce. "Ka dai riƙa dawowa gida."