Kitsen Aro

Ranar da Baba Ƙarfe ya sauko da akwatin wuƙaƙensa daga saman sif don ya wasa su ya shafa musu mai, ranar ya gane an yi masa sata. Wuƙaƙen suna nan, duka bakwai, har da dutsen washi. Abin da aka taɓa yana ƙarƙashin tsumman da ke ƙasan akwatin: katin magani goma sha shida ya ɓoye a wurin, biyar ya tarar.

Da wani ne da ihu zai fara. Amma Baba Ƙarfe ba wani ba ne. Shekara arba'in da biyar yana fawa. Bijimi ya taɓa ɗaga shi da ƙaho ya ajiye a kan katanga, washegari ya fito aiki. Motar shanu ta kife da su a gangare, shi ya jawo direban waje. Zazzaɓin da ya kwantar da layinsu kaf, shi a tsaye ya yi nasa. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya dafa bayan sa sau ɗaya zai gaya maka abin da ya ci wata uku baya. Irin wannan mutum ba ya ihu. Kuma, a faɗi gaskiya, wannan satar ba ta faɗuwa.

Wata shida ke nan da likita ta rubuta masa ƙwayoyin, saboda ƙirjinsa da ke kukan kyanwa in ya yi 'yar tafiya. Ƙanana ne, farare, masu ɗacin tsiya. Ya sha na mako uku. Numfashi ya buɗe, amma fuskarsa ta cika ta zama faranti, yunwa ta hana shi sakat, ga ƙishirwa kamar ya haɗiyi gishiri. Matarsa Iya har tsokanarsa take wai ya koma ango. Shi kuwa ya dubi madubi ya ce wannan ba fuskar da aka haife shi da ita ba ce. Tun daga nan, kullum da safe sai ya juya baya, ya ɗaga kai, ya haɗiye ruwa zalla. Ƙarshen wata ya je asibiti ya karɓo sababbi, ya cusa ƙarƙashin tsumma ba tare da ya duba ba. To wa zai kai wa ƙara? Duk wanda ya gaya wa an sace, ya gaya masa bai sha ba.

Ya zauna a bakin gado ya shiga tunani. Mai sayarwa duka zai kwashe. Mai tsintar kaɗan-kaɗan, sha ake yi. Mai sha kuwa, fuskarsa za ta tona shi. Gidan mutum biyar ne: shi, Iya, autansu, matar Auta, sai jikarsu budurwa da ke zaune wurinsu tana karatu.

Da jikar ya fara, don ita ke share masa ɗaki, kuma ya ji ana cewa 'yan mata na neman irin ƙwayoyin nan don su cika riga.

"Zo nan, amarya."

"Ai na fita auren nan tun bara, tsoho. Mijin da ba shi da haƙori."

"Kin taɓa akwatina?"

"Wanda ke warin tsohon kitse? Ko tsintsiyata ba ta yarda ta matsa kusa da shi."

Ya kama haɓarta ya juya ta wajen hasken taga. Kumatu yadda suke, wuya kamar na balbela.

"Tafi," ya ce. "Ke ko buhun kitse aka ba ki, ba ki da inda za ki sa shi."

Da la'asar Auta ya dawo daga aiki. Tun da aka ba shi shugabancin sashensu a kamfanin sabulu bara, mutumin nan ya rame kamar kazar mayu. Barci ya guje shi, abinci ba ya shiga, sai da ya ƙara huda biyu a bel. Amma wata biyun nan ya murmure, kowa na sa albarka. Baba Ƙarfe ma ya yi murna, domin da idon uba yake kallonsa. Yau ya ɗauko idon mahauci.

"Matso ka gaishe ni da kyau."

Ya kama damtsensa ya matsa. Ya shafa bayan wuyansa. Ya sa shi ya ɗage ƙafar wando.

"Baba, saya za ka yi ne?"

"Da saya ne da na fasa."

Kitsen gaskiya, duk mahauci ya sani, bin jiki yake yi ko'ina: cinya, ƙugu, kafaɗa, kowa da rabonsa. Na Auta kuwa ya taru ne a fuska da ciki, da ɗan tozo a bayan wuya, ya bar hannuwa da ƙafafu kamar sillen kara. Baba ya sha ganin haka a jikin ragunan da 'yan algus ke ɗura wa magani kafin ranar kasuwa. A ido mashaAllah, a wuƙa ruwa.

"Kana shan wani magani?"

"Ni? Kai fa ka haife ni. Ko na ciwon kai sai an yi dambe."

Gaskiya ya faɗa. Tun yana yaro Auta ba ya iya haɗiye ƙwaya, sai an niƙa an ɓoye a wani abu. Kuma cikin 'yar maganar nan kaɗai ya shanye kofi biyu na ruwa, ya wuce banɗaki. Da ya fito, Baba ya shiga bayansa ya duƙa. Kiyashi sun yi layi a bakin magudana.

Ya miƙe tsaye. Yana da aboki a mayanka wanda kiyashi suka fara bin fitsarinsa. Ciwon suga ne; bayan shekara biyu aka yanke masa ƙafa. Yanzu ba ƙwayoyi yake nema ba, ɗansa yake nema. Wani na ba shi maganin nan bai sani ba.

Washegari da hantsi, bayan Auta ya fita, ya je bakin kicin ya yi gyaran murya. Matar Auta ta ajiye soso ta durƙusa. In dalili ake nema, ita ta fi kowa: lokacin ramar mijinta, matan layi har a gaban idonta suke cewa ba ta iya riƙon miji ba.

"'Yata, me kike ba mijinki?"

"Abin da kowa ke ci, Baba. Tukunya ɗaya ce."

Wannan ma gaskiya ne. Da yamma faranti ɗaya suke ci shi da Auta. Da rana kuwa Auta a kamfani yake ci, cikin mutum ɗari.

"Da safe fa?"

"Burodi da shayi. Amma shayin da yake tafiya da shi a fulas ba ni ke haɗawa ba. Iya ta ce in huta, ita za ta riƙa yi."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

"Kin taɓa ɗanɗanawa?"

"Sau ɗaya, da zan wanke fulas ɗin. Zaƙi kamar zuma, amma can ƙasan harshe akwai ɗaci. Na ɗauka citta ce ta yi yawa." Ta sunkuyar da kai. "Baba, kowa na yaba mini, amma hankalina bai kwanta ba. Sau huɗu yake tashi fitsari kafin gari ya waye. Wani ƙarfe ya yanke shi a yatsa, mako uku ya ƙi warkewa."

"Tashi, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Miƙo mini kwandon cokulan nan."

Ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Cokali guda bayansa ya karce. A kan kanta kuma akwai ƙaramin faranti mai tsaga, da farin gari maƙale a tsagar. Ya dangwala ya sa a harshe. Ɗacin nan ya san shi kamar sunansa.

Iya tana ɗaki tana ninke wanki. Ya ajiye akwatin a gabanta, ya ɗora cokalin da farantin a kai, ya zauna.

"Maigida, yau kuma fawa za a koma?"

"An riga an yanka, fiɗa ta rage. Tambaya ɗaya zan yi miki. Wata huɗu, kullum da safe, sai kin ce mini, 'Ka sha maganinka?' Har na haddace. Wata biyun nan ba ki tambaya ba ko sau ɗaya. Me ya sa?"

Ta ci gaba da ninke riga.

"Ni zan faɗa miki," ya ce. "Ba a tambayar abin da aka riga aka sani. Kin ga inda suke. Yarinyar can ba ta sha ba, fuskarta ta wanke ta. Auta ba ya iya haɗiya. Matarsa ba ita ke haɗa shayin ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya ga yadda ƙwayar ta cika mini fuska, ya san Auta sai an niƙa masa, kuma ba ya tsoron akwatina."

Iya ta ajiye rigar.

"Haƙarƙarinsa nake ƙirgawa ta cikin riga," ta ce. "Ni na goya shi. Ga yarinyar nan baiwar Allah tana dafawa tana kuka, ana zaginta a banza. Na je neman almakashi na ga maganin a zube. Na ce likita ce ta rubuta, ba boka ba. Kai ka ƙi sha, shi yana bukata. Guda biyu kawai nake sa masa. Ba ka ga ya yi kyau ba?"

"Kitsen aro ne, Iya. Kiyashi na bin fitsarinsa."

Ita ma ta san abokin nan nasa. Ita ta dafa abincin da aka kai masa asibiti. Ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo.

"Na kashe ɗana ke nan?"

"Wa zai mutu a gidana ina tsaye? Ɗauko mayafinki."

Suka bi ta kamfani suka ɗauko Auta, su huɗu har da matarsa. Likitar ta soki yatsansa, ta dubi na'ura, ta ɗaga gira. Suga ya hau sosai, ta ce, amma an zo da wuri. Ta yi musu bayani: jiki da kansa yana yin irin abin da ke cikin ƙwayar, yakan sake shi in mutum na cikin damuwa, kuma Auta dama a cikin abin yake iyo tun bara. Aka zo aka ƙara masa. Abin ne ke tura suga cikin jini, ya cinye naman hannu da ƙafa, ya tara kitse a ciki da wuya, ya raunana jiki har ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a ɗan ƙaramin rauni.

"Abin da na faɗa ke nan," in ji Baba Ƙarfe, "sai dai ita da takarda."

Iya ta ce daga yau Auta ba zai ƙara ganin ko rabin ƙwaya ba.

"A'a, Mama, wannan ya fi haɗari," in ji likita. "Wanda ake kawo wa abinci kyauta wata biyu ya kashe murhunsa. In aka yanke rana ɗaya, faɗuwa zai yi. Ni zan riƙa rage masa kaɗan-kaɗan har jikinsa ya sake hura wuta. Kuma ya nemi hutu a wurin aiki, ya yi barci."

Auta ya dubi uwarsa tana share ido. Ya kama hannunta.

"Iya, shi ya sa shayin nan ko abokan aikina ba sa roƙa."

Ta yi dariya cikin kuka ta kai masa duka a kafaɗa.

Likita ta juya katin maganin a hannunta, ta dubi Baba da kyau.

"Baba, ba kai na rubuta wa waɗannan ba? Kai da kake ce mini duk wata ba ka tsallake ko ɗaya?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya tsaya gaban bijimi ya shiga kallon silin. Ta yi masa faɗan da ko uwarsa ba ta yi masa ba, ta ce da ya faɗa tun farko da ta sauya masa. Ta ba shi na shaƙa, da wata ƙwaya dabam.

Cikin wata uku tozon Auta ya sauka, yatsa ya warke, kiyashi suka nemi wani gida. Ya koma siriri, amma naman da ke jikinsa nasa ne. Baba Ƙarfe kuwa, duk wanda ya zauna kusa da shi a benci sai ya ji yadda ya kama ɓarawo cikin kwana biyu, ba ɗan sanda, ba biro. In Iya na kusa takan ce, "Ka faɗa musu kayan wa ɓarawon ya sata, da yadda aka yi suka taru."

Akwatin yanzu wuƙaƙe ne kaɗai a ciki. Kullum da safe Iya takan shigo da kofin ruwa, ta tsaya a gabansa, ba a bayansa ba.

"Ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Buɗe baki in gani."

Mutumin da motar shanu ta kife da shi ya fito da ƙafarsa sai ya buɗe baki, har da ɗaga harshe.