Ka Buga da Gaske

Hamdiyya ta kifar da allon. Marafan kwalba suka tarwatse a zaure.

"Ashe yaudarata kake yi, Lukman!"

"Subhanallahi... mi na yi, sanyin idona?"

"Aje wannan sunan tukuna."

Ita ta ƙirƙiro wasan tana karatu a jami'ar Aliero, ta sa masa suna Darar Taurari. Ta zana duniyoyi a kan allon katako, marafan kwalba suka zama kumbunan sama jannati. A wasan, duniyarmu ta ƙone, runduna biyu suna tseren neman sabuwar duniya. Wanda aka kama wa uwar kumbo, an ci shi.

Lukman direban motar albasa ne, a wurin zance ya koya. Bai taɓa cin ta ba.

Yau da safe ne 'yar kawunta Amatullah ta zo daga Maiyama, bakinta har kunne.

"Mutuminki ya zana allo nasa a tashar Jega, ba direban da ke tsaya mai. Ke kaɗai kike cin shi! Lallashin yara yake miki, 'yar uwa."

Amatullah ta daɗe da sa ido a kan Lukman, Hamdiyya ta sani. Amma maganar ta zauna.

Yanzu da Hamdiyya ta faɗa masa abin da ta ji, Lukman ya sunkuyar da kai.

"Ya zan zo gidanku zance, in sha ruwanku, sannan in kayar da ke? Ai da kunya."

"Yau ka ɓoye mini wasa saboda kunya. In mun yi aure fa, mi za ka ɓoye?"

Inna ta leƙo ta bayan labule.

"Ke Hamdiyya! Da ƙyar babanki ya yarda da direba, jibi magabatansa za su zo, ki tsaya faɗa kan marafan kwalba?"

"Inna, sai ya buga da gaske. In bai yi ba, su yi zamansu."

Ta tsince marafan, ta jera.

"Zauna."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya cire hula, ya naɗe hannun riga.

Ba ta taɓa ganin wannan Lukman ɗin ba. Ba murmushi, ba hira. Ya sakar mata ƙananan kumbuna ta yi ta ci, tana jin daɗi, ashe hanya yake buɗewa. Ta farga a makare. Ta ja baya, ta tare, ta yi masa ɓarna har gumi ya keto masa.

Ana shirin kiran magariba ya ɗaga marfi ɗaya.

Ya ɗora a kan uwar kumbonta.



Hawaye suka cika mata ido. Wasanta ne, ita ta yi shi! Abin ya yi mata zafi fiye da yadda ta zata.

"Hamdiyya... kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ta ina ka shigo?"

Ya nuna mata. Ta bi layin da yatsa, ta gyaɗa kai.

Ta ɗaga murya.

"Inna! A gaya wa Baba baƙinsa suna nan tafe jibi."

Lukman ya sauke ajiyar zuciya, ya kai hannu ga hularsa.

"Ina za ka, angona? Yi salla ka dawo. Wallahi sai na rama."