Minti Ashirin a Cikin Motar Baba

Ƙarfe biyu saura na rana aka kira ofis daga asibiti. Wani tsoho ya mutu a cikin mota, a filin ajiye motoci.

Sufeto ya tarar an fitar da gawar. Motar na tsaye a tsakiyar rana. Likita ya ce zafi ne ya kashe shi. Tsohon ya shekara bakwai da shanyewar jiki, ba ya magana, ba ya iya ɗaga hannu. Gashin ƙashi ake kawo shi duk sati.

Babban ɗan mamacin yana zaune a kan dakali da katin asibiti a hannu.

"Na shiga karɓar lamba," ya ce. "Layi ya yi tsawo. Na bar Baba da direba, esi a kunne."

"Esin yana aiki?"

"Da muna tahowa sai da na rufa masa mayafi. Bayan wannan ban san komai a kan mota ba, Yallaɓai. Sai dai a tuƙa ni."

Direban na tsugune gefe, Saje na riƙe da ƙugun wandonsa.

"Minti goma kawai na yi," ya ce. "Fitsari na zaga."

"Wane irin fitsari ne wannan?" in ji Saje. "Maigadi ya ce awa ɗaya da rabi."

Direban ya fashe da kuka. Matarsa ce kwance a ɗakin haihuwa, ya ce, a can ƙarshen asibitin. Maigida ne ya ce ya je ya duba ta, ba sauri. "Wallahi na bar injin na aiki, sanyi na fita."

Babban ɗan ya girgiza kai. "Ban ce masa ya je ko'ina ba."

Saje ya ciro ankwa. Sufeto bai hana shi ba, amma ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Esin da ya yi awa guda yana sanyi a tsaye yakan ɗigar da ruwa. Simintin a bushe yake ƙayau.

Ya karɓi makulli, ya tuƙa motar ya zagaya titin bayan asibitin sau biyu. Sanyi har cikin ƙashi. Ya dawo ya tsaya a daidai wurin, ya bar injin a kunne, gilas a rufe, ya duba agogo.

Minti biyar, iskar ta yi ɗumi. Minti goma, ta koma hucin tanda. A minti na ashirin kakinsa ya jiƙe sharkaf, kansa na sarawa. Ya buɗe ƙofa ya fito yana haki.

Direban ne ya faɗi garejin da ake kai motar, Sufeto ya kai ta can. Mai gyaran esi, wani ƙato da ake kira Ƙanƙara, ya ɗaga bonet ya ce, "Kai! Wa ya taɓa mini aiki?"

"Yi mini bayani."

"Yallaɓai, in mota na gudu, iskar hanya ce ke huce tukunyar esi. In ta tsaya, fanka ce ke wannan aikin. Fanka biyu ce a nan, ta inji da ta esi. Ta esin ta mutu kwanaki, na sa sabuwa sati biyu da suka wuce. Ga ta lafiya lau. Soket ɗinta aka zare."

"Gargada ba ta zare shi?"

"Yana da maƙalli. Sai an danna an ja."

"Direba ne ya kawo motar?"

"Shi da maigidansa. Direban ya tafi salla, maigidan ya tsaya a kaina. Har na ce masa ko zai ƙwace mini sana'a ne. Komai sai ya tambaya. Ina soket, ina waya, in fankar ta tsaya minti nawa ciki zai yi zafi."

A ofis Sufeto ya sa aka shigo da direban shi kaɗai.

"Wa ya buɗe bonet yau?"

"Maigida. Da safe, ina ɗauko keken Baba daga ciki. Ya ce ruwa yake dubawa."

"Ya saba?"

"Bai taɓa ba."

Aka shigo da babban ɗan. Har lokacin katin na hannunsa. Sufeto ya maimaita masa maganar Ƙanƙara kalma-kalma, sannan ya ce, "Lambarka goma sha huɗu. An kira ta tun sha biyu da kwata, ba ka amsa ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce kana tsaye jikin taga. Me ake hangowa daga tagar, in ba motar ba?"



"Shekara bakwai," mutumin ya ce a hankali. "Ni ke masa wanka. Ni ke kwashe kashinsa. Ƙannena sai waya, yaya jikin Baba, Allah ya ba ka lada. Na bar aiki. Matata ta gaji ta tafi da yara. In na juya shi sai ya zuba mini ido. Na ɗauka shi ma ya gaji."

"Ya faɗa maka?"

"Ba ya magana."

"Shi kuma direban da ka bari a ɗaure?"

Mutumin ya ajiye katin a kan tebur.

Saje ya kwance ankwar daga hannun direban. "Tafi wurin mai jego," ya ce. Direban ya tsaya yana kallon maigidansa, sannan ya fita.

A bakin ƙofar sel babban ɗan ya waiwayo.

"Yallaɓai, barci ne ya ɗauke shi, ko? Bai sha wuya ba?"

"Minti ashirin na yi a ciki," in ji Sufeto. "Ni hannuna na aiki, shi ya sa na fito."

Saje ya tura shi ciki ya ja sakata.